Man Da Na Kai Wa Malam Isa Yawuri

Fita daga Ƙofar Gayan

Ladan bai gama kiran assalatu ba na riga na ɗaure kayana. Jakar tufafi ce guda, sai ƙullin tsaki da daddawa da Binta mai ɗakina ta haɗa wa 'yarmu Hauwa, sai galan biyu na mai da na toshe bakinsu da leda don kada su yi yoyo. Na yi asuba a masallacin unguwa, na dawo na tarar da Binta a zaure, fitila a hannu ɗaya, wani gwangwani a ɗayan.

"Malam, ka bar gwangwanin Isa a kan taga."

"Ya gama aikinsa. Ki zuba gishiri a ciki."

"Ka dai tafi da shi. Ni na ga abin da ke cikin galan ɗin nan bai yi kama da wanda ya saura a gindin gwangwanin ba."

"Yaushe kika fara aikin inji?"

Ta ajiye fitilar. Ta cusa gwangwanin a jakata, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Tun da na dawo, duk wanda ya tambaye ni a majalisar ƙofar gida yaya Yawuri, sai in ce lafiya lau, kifi araha. Ba ƙarya na yi ba, amma ba shi ne labarin ba. Ga labarin nan zango-zango yadda ya faru.

Sunana Shu'aibu, mai injin niƙa a Ƙofar Gayan. Karatuna bai yi nisa ba, amma na daɗe da inji har ina gane ciwonsa daga kukansa, kuma wannan sanin ne ya kai ni ya baro. Mijin Hauwa, Malam Isa, masuncin kogin Kwara ne, daga wata tunga, ƙauyen masunta, da ke tsallaken Yawuri. Kawo bandar kifi Zariya ne ya haɗa mu. Shekara da shekaru yana tuƙa jirgi da filafili, sai a daminar nan shi da mahaifiyarsa suka sayar da shanun da ubansa ya bari, suka sayi injin da ake maƙalawa a gindin jirgi. Shi kaɗai ne inji a tungar. Shi ke kai mutane kasuwa, shi kuma ya tsallaka da Hauwa asibiti ranar da naƙuda ta yi mata gardama. Ba don shi ba, da wataƙila ta'aziyya za ni, ba ganin jika ba.

Kun san yadda mai ya yi wuya a shekarar nan. Irin wanda injin ke sha ya ɓace a Yawuri. Da Isa ya ji zan zo, sai ya aiko direban motar kifi da gwangwanin man da ya ƙare, mai hoton jirgi a jiki, ya ce don Allah in nemo masa irinsa sak.

Na kuwa same shi a Sabon Gari, a shagon Malam Bitrus mutumin Wusasa, inda nake sayen bel. Ya buɗe guda na shafa a yatsa. Tsinkakke ne, ga wani launi shuɗi-shuɗi.

"Wannan ai ruwa ne, Malam Bitrus."

"Haka ake son sa, Malam Shu'aibu. Injinka na niƙa, tukunyar mai daban, gas daban. Na jirgi ba shi da tukunya. Cikin fetur ake zuba man, su gauraye, su shiga tare, su ƙone tare. In ya yi kauri ba zai bi fetur ba, gindin tanki zai kwanta."

"Inji inji ne, mai kuma kauri ne."

"To. Amma fa mai inji ya aiko da gwangwani."

"Hoton jirgin nan ne ya ruɗe shi."

Na fita na tafi wurin wani mai sayar da mai a duro. Ba zan faɗi sunansa ba, don bai ce in saya ba. Ya zubo mini wani baƙin mai, na ɗaga tsakanin yatsu biyu ya yi zare bai tsinke ba. Kada wani ya ce rowa ce, abin da na biya ya fi na Malam Bitrus. Girman kai ne tsantsa. So nake in shiga gidan suruki da abin da ya fi wanda ya roƙa.

Kwangila zuwa Funtuwa

Ɗan acaba ya ɗauke ni ta Ƙofar Doka, galan ɗaya a cinyata, ɗaya a kan tankinsa. Gari bai waye ba muka isa Kwangila, amma bas ba ta cika ba sai wajen bakwai da rabi. Na sha koko da ƙosai a tsaye. Wadda ta zauna kusa da ni wata dattijuwa ce, Hajiya Asabe, 'yar Yawuri mai fataucin kifi, ta sauke kaya a Zariya za ta koma gida. Da ta ji inda za ni, ta ce ta san Isa tun yana tsirara a bakin ruwa.

"Wanga na injinai ne?" in ji ta, tana taɓa galan ɗin da ƙafa. "Ai nasu cikin gwangwani shike zuwa."

"Hajiya, gwangwani sutura ce kawai."

Ta ce uhm, ta ɓare goro, ba ta ba ni ba.

Mun wuce Shika da Giwa dawa duk ta yi kai. Hantsi ya ɗaga muka shiga Funtuwa. Nan muka sauka muka nemi ta Kwantagora, muka kuma zauna jiran cika har rana ta take tsaka.

Hanyar Birnin Gwari

Direban Bakano ne, Garba, mai baki kamar reza. Yana jin maganata ya waiwayo.

"Kai, yau na ɗauko Bazazzage! Baba, me ke cikin galan? Fate ne ka yi guzuri?"

"Man injin jirgi ne, bawan Zazzagawa."

"Injin jirgi? A ina kuka ga jirgi? Ku da ba ku da ruwa sai Kubanni, wadda akuya ke tsallakewa ba ta jiƙa gemu ba!"

Mota ta kwashe da dariya, har da ni. Sai ya ƙara: "Ni abu ɗaya ke ba ni tsoro da Bazazzage. Tun da nake, ban taɓa jin ya ce ban sani ba."

Na mayar masa da cewa Bakano kuma bai taɓa cewa ya ƙoshi ba, aka sake dariya. Wasa ne na kaka da kakanni, amma maganar ta zauna mini a ƙirji kamar ƙashin kifi.

Hanyar ta lalace ƙwarai, damina ta cinye gefen kwalta. Sau biyu muka tsaya Garba ya sayi fetur a wurin 'yan bumburutu, yana zagi yana biya. Kafin Birnin Gwari muka tarar da shinge, ana binciken masu ɗaukar fetur a jarka. Wani mai kaki ya sa aka sauko da galan ɗina, ya kwance leda, ya tsoma kara ya ɗaga. Man ya biyo karan a hankali.

"Baba, wannan mai ne ko zuma?"

"Mai ne na gaske, ranka ya daɗe, ba irin ruwan da ake sayarwa yanzu ba."

Ya yi dariya ya ce mu wuce. Na koma mota ina jin kamar an ba ni lambar yabo. Ku duba wautata, shaidar mutumin da bai san inji ba na karɓa, na bar ta wanda ya sani.

Mun yi azahar da la'asar a Birnin Gwari, na ci dafaffiyar doya da yaji. A Tegina taya ta yi faci, muka zauna a gindin ɗorawa har aka liƙe. Magariba ta riske mu a ƙofar Kwantagora. Motocin Yawuri sun riga sun tashi, Hajiya Asabe ta nufi gidan 'yar'uwarta, ni kuma na nemi gidan Malam Sani.

Kwantagora

Malam Sani tela ne, ɗan unguwar Gyallesu a Zariya, tare muka tashi, aiki ya zaunar da shi can. Ya yi murna da ni ƙwarai. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, muka ci a ƙofar shago muna lissafa waɗanda suka rasu a birni. Da na buɗe jaka zan ɗauko masa goro, gwangwanin ya faɗo ya gangara ƙarƙashin keken ɗinki. Ya ɗauko ya duba, ya dubi galan, na ba shi labari ina ta ƙawata shi.

"Shu'aibu, kai dai ba ka sake ba. Tun muna yara in aka aike ka gishiri sai ka dawo da kanwa ka ce ta fi."

"Kai me ka sani ban da zare?"

"Ban san komai ba. Amma in mutum ya kawo mini tsohuwar rigarsa ya ce in ɗinka irinta, irinta nake ɗinkawa, ko da na san wadda ta fi kyau. Shi zai sa, ba ni ba. Akwai wani shago bayan tasha, na taɓa ganin mai hoton nan a can. Da safe mu biya, ka riƙe guda biyu ko don kandagarki."

"In kai wa surukina mai iri biyu, kamar wanda bai san abin da yake yi ba?"

"Suruki fa ba zai ce maka a'a ba. Shi ne abin tsoron."

Na ce barci nake ji. Da safe na riga shi fita, na bi ta gaban tasha, ban bi ta baya ba.

Yawuri da tunga

Akori-kura ce ta ɗauke mu, ni da Hajiya Asabe da buhunan gishiri. Kafin azahar muka sauka. Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba. Na tsaya a gaɓa ina neman ɗaya gefen, sai wani layi siriri can nesa kamar zaren kwalli.

Isa yana jirana. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a cikin laka ya gaishe ni, idonsa a ƙasa. Ya karɓi kayana ya shimfiɗa mini tabarma a tsakiyar jirgi. Ga injin nan fari fat, ya lulluɓe kansa da wani tsohon zane don rana. Ya ja igiya sau ɗaya ya tashi, ɗan hayaƙi shuɗi yana bin mu a kan ruwa. Na saurari kukansa, ko ni da nake neman aibu ban samu ba.

A tunga aka tarye ni kamar hakimi. Mahaifiyar Isa, Inna Kulu, ta sa aka yanka zakara. Hauwa ta fito da jaririn, na karɓe shi na yi masa addu'a, na ce wannan angon ya kwaso hancin Zazzagawa. Sannan na sa aka kawo galan ɗin. Isa ya kwance leda, ya karkata bakin kaɗan, ya duba. Ya daɗe yana dubawa.

"An gode, Baba. Allah shi saka da alheri."

Abin da ya ce ke nan. Amma na ga ya ɗaga ido ya dubi Hauwa, ita kuma ta dubi ƙasa.

Da yamma ta kawo mini ruwan alwala, ta tsuguna tana wasa da bakin zane.

"Baba, ba a samu mai hoton ba ne?"

"An samu. Wannan ya fi."

"To. Akwai dai sauran rabin gwangwani a ɗaki. Zai kai shi kasuwar gobe ya dawo."

Na gane abin da take nufi sarai. Cewa take in bar su su yi amfani da nasu, in tafi gida da girmana, su kuma su san yadda za su yi da galan bayan na tafi. Ƙofa ce ta buɗe mini. Amma ni so nake in ji kukan injin da man da na kawo kafin in koma, don in sami abin faɗa wa Malam Bitrus.

Bakin ruwa, ranar kasuwa

Da sassafe jirgi ya cika. Buhunan shinkafa, kwandunan ɗanyen kifi, akuya biyu, mata da goyo. Hajiya Asabe ma tana nan, ta tsallako tun jiya sarin kifi. Isa ya cika tanki da fetur, ya ciro rabin gwangwanin nan daga aljihu a hankali, ya juya mini baya. Ni kuwa na riga na sauko da galan a hannu.

"Malam Isa, ajiye wannan. Ga mai na kawo."

"Baba, a bar shi sai wanga ya ƙare, kada shi lalace."

"Mai ba ya lalacewa. Buɗe tankin."

Ya tsaya da murfi a hannu. Da a nan aka tsaya, wataƙila da ya sami dabara. Sai Hajiya Asabe ta ɗaga murya daga cikin jirgi, kowa yana ji.

"Isa, kada ka yarda! Wanga ba irin naku ba ne. Na mota ne, ko na injin niƙa. Tun Zariya nike kallonai."

Kowa ya juyo yana kallona. Masu lodi suka tsaya. Na juya na fuskance ta.

"Hajiya, a gaban jama'a za ki ce na yi tafiyar kwana biyu na kawo wa surukina jabu? Shekaruna nawa ina cin abinci da inji?" Na juya wurinsa. "Malam Isa, kai ne mai inji. In man da na kawo ba shi da kyau, ka faɗa kowa ya ji, in zubar da shi a kogin nan in kama hanya."

Wannan ita ce muguwar maganar da na yi. Na san ba zai iya ba. Wane ɗan halak ne zai dubi uban matarsa, baƙonsa, a gaban mutanen garinsu, ya ce abin da ka kawo ba shi da kyau? Da kaina na koya wa 'ya'yana cewa suruki ba a musu da shi. Na ɗauki kunyarsa na ɗaure shi da ita.

Ya dubi injin. Ya dubi gwangwanin da ke hannunsa. Ya mayar da shi aljihu.

"Yana da kyau, Baba."

Na tuttula da hannuna. Man ya gangara cikin fetur kamar igiya, ya nutse.

"Baba, ko a sauke tankin a ɗan girgiza?"

"Rana tana yi. Rawar inji za ta girgiza shi."

Hajiya Asabe ta ce, "La'ilaha illallahu," ta gyara zama ta riƙe gefen jirgi.

Tsakiyar Kwara

Sai da ya ja igiya sau da yawa kafin ya tashi. Hayaƙi ya turnuƙe mu, mata suna tari, jarirai suna kuka. Ba mu yi nisa ba ya mutu. Isa ya kwance fulogi, ya fito baƙi ƙirin yana ɗiga, ya goge da bakin rigarsa ya mayar. Na ce sabon mai ne, sai ya saba. Aka sake tashi, yana tari yana tafiya.

Can sai hayaƙin ya ragu, ya ragu, ya ɗauke ɗungurungum. Kukan injin ya yi wasai. Na juya na dubi Hajiya Asabe.

"Kin ji ko? Ko hayaƙi babu!"

Ta kau da kai. Isa take kallo. Fuskarsa ta sauya. A lokacin ban gane ba, sai daga baya: man ya kwanta a gindin tanki, injin ya zuƙe shi tun farko, shi ne hayaƙin nan. Yanzu fetur yake sha kusan tsura, ƙarfe yana gugar ƙarfe. Rashin hayaƙin da nake taƙama da shi, shi ne alamar mutuwarsa. Isa ya rage wuta, amma mun riga mun shiga inda ruwa ke da ƙarfi, ga jirgi cike da rai. In ya kashe a nan, igiyar ruwa za ta juya mu a kaikaice. Ya zaɓi mutane, ya bar injin yana ci.

Mun kusa fita daga igiyar sai ya yi wata ƙara siririya kamar ana wasa wuƙa, ya yi gum. Isa ya ja igiya, ko motsi ba ta yi ba. Na san wannan shirun. Duk mai inji ya san shi. Ya buga.

Ruwa ya ɗauke mu. Muna ganin matsayar Yawuri tana wucewa ta hagu, mutane ƙanana kamar tururuwa. Filafili biyu ne a jirgin. Isa ya ɗauki ɗaya, wani dattijo ya ɗauki ɗaya, mata suna salati, akuya tana ta kuka. Ni mai sanin inji ina zaune a kan tabarma a tsakiya, ban iya ko riƙe filafili ba. Da ƙyar muka dafa gaɓa can ƙasa da gari, cikin ciyawa. Ba wanda ya rasa ransa, alhamdu lillahi. Amma kafin a kwashi kaya a ka a kai kasuwa, ta fara watsewa, ɗanyen kifin mutane ya sha rana ya fara wari.

Isa ya kwance injin ya saɓa a kafaɗa, na bi shi a baya da tanki har rumfar wani bakanike, Nomau. Ya buɗe kan injin, ya yi tsaki. Fistan ya narke ya manne, ƙarfen ciki ya yi shuɗi don zafi. Ya karkata tankin a kan kwano, sauran fetur ya zubo, bayansa wani baƙin abu ya biyo a hankali.

"Wane mahaukaci ya zuba ma wanga?"

Ina tsaye a gefensa. Bai san ni ba.

"Ni ne," in ji Isa. "Ban auna daidai ba."

"Kai? Kai da ke goge injin ga da zanen uwarka?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe baki. Akwai mutane a rumfar, na dube su, na rufe. Wannan shi ne laifina na biyu, kuma ya fi na farko muni, don na farko na yi shi ina zaton na sani.

Nomau ya ce kayan gyaran babu su a Yawuri, babu a Kwantagora, sai dai a aika kudu, kuma abin da za su ci bai yi nisa da kuɗin sabo ba. Isa ya ce to. Ya lulluɓe injin da zanen nan, ya bar shi a kusurwar rumfa. Wani jirgin tuƙi ya rage mana hanya zuwa tunga.

Da magariba Inna Kulu ta kawo mini abinci da kanta, tuwon shinkafa da kan giwan ruwa, wanda ake ajiye wa babban baƙo. Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Malam, kada ka sa ma ranka. Ƙaddara ce. Shanun ma da muka sayar, ai mutuwa za su yi in kwanansu ya ƙare."

Da zagina ta yi, da na ci abincin.

Komowa

Washegari bayan asuba na yi sallama. Hauwa ta rako ni gaɓa da jaririn a baya. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaure fuska ba.

"Baba, ka gaida Innata. Ka ce mata in wata haihuwar ta zo, gida zan taho tun da wuri."

Na gane, yanzu babu injin da zai tsallaka da ita asibiti.

Isa ne ya tuƙa ni da filafili. Tafiyar da inji ya yi da mu kafin in gama cin goro guda, yau sai da rana ta fito ta yi zafi. Ina kallon bayansa, riga ta manne da gumi. A tsakiyar kogi na tattara ƙarfina.

"Malam Isa, maganar jiya..."

"Baba, a zauna tsakiya da kyau, ruwa na da ƙarfi nan."

"Ni ne na..."

"Allah shi ya ba mu, shi ya karɓa. Baba ya taho da niyyar alheri."

Ko haƙurin ma bai bari na ba shi ba, don suruki ba ya bari babba ya ƙasƙantar da kansa a gabansa. Kunyar da na ɗaure shi da ita jiya, ita ya ɗaure ni da ita yau, shi kuwa ba da mugunta ba.

A tasha ya biya mini mota kafin in sa hannu a aljihu, ya ɗora kwandon banda a bayan akori-kura, ya ce tsarabar Inna ta Zariya ce. Ya durƙusa har muka tashi.

Ban biya wa Malam Sani a Kwantagora ba, na kasa. Na sami bas mai zuwa Funtuwa kai tsaye, direban ba Bakano ba ne, ba wanda ya tsokane ni, na kuwa so a ce an yi. A shingen Birnin Gwari ba a sauke ni ba, ba ni da galan. Na kwana a tashar Funtuwa a kan benci, da safe na shiga ta Zariya. Ana kiran azahar na shigo Ƙofar Gayan.

Binta ta yi mini sannu da zuwa, ta tambayi jariri, ta hau kwance jaka. Hannunta ya taɓa gwangwanin. Ta ɗaga shi, ta dube ni.

"Malam, yaya injin?"

Ita na fara faɗa wa, tun daga shagon Malam Bitrus har rumfar Nomau. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta tashi ta rarraba bandar gida-gida kamar yadda aka saba, maƙwabta suna ta aiko da godiya, suna cewa Malam Shu'aibu ya yi dacen suruki.

A satin na cire bel daga injin niƙana, na sa dillali ya nemo mai sayen injin, na aika wa Isa ta bakin direban motar kifi cewa kuɗin gyara suna tafe. Direban ya dawo da amsa: wai Baba ya mayar da bel, tsufa ya zo, da me za a ci a gida? In aka aiko ma zai mayar. Ya haɗo da wani kwandon banda.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma fid da mutanen jirgin nan daga ruwa ba don halina ba. Na gode wa Malam Bitrus, da Binta, da Malam Sani, da Hajiya Asabe, da 'yata, waɗanda kowannensu ya faɗa mini gaskiya gwargwadon yadda matsayinsa ya ba shi dama. Wanda za a aika sayen man injin jirgi, ya sayi tsinkakken nan da aka yi dominsa, ya auna, ya girgiza, ya bar wa mai inji injinsa. Malam Isa kuwa ban san yadda zan gode masa ba. Har yau da filafili yake tuƙi, har yau in aka tambaye shi cewa yake bai auna daidai ba.

Gwangwanin yana nan a kan taga. Binta ba ta zuba gishiri a ciki ba, ni ma ban sake cewa ta zuba ba.